Ranar da Na Kai Rakiya Gida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙwaƙwalwata ta so ta yi mini alfarma, da Juma'ar da na shiga ƙauyenmu da motata ta farko. To ko na manta ma, akwai masu tuna mini. Har yau idan na je gida, sai mutum ya bari mun gama gaisawa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, ya Rakiya?" Kuma ba mahaifiyata yake nufi ba, duk da cewa sunanta ke nan.

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal, kuma Hausa nake koyarwa (ku riƙe wannan, zai yi muku amfani nan gaba). Asalina wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kebbe, gaba da Fakku, amma ban tashi a can ba. Tun ina yaro kawuna ya ɗauko ni saboda boko, na zama baƙo a garinmu: in je da sallah, in sha fura, in gaida tsofaffi, in dawo. Na san fuskokin mutane, amma ban san abin da suka sani ba. Ko lokacin da mahaifina ya rasu ina bautar ƙasa a kudu, kafin in iso an gama komai, sai kabari aka nuna mini.

Abin da ya sa ni neman mota ba burga ba ce, ko kuma in ce ba burga ba ce kaɗai. Inna ce. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, kuma duk zuwan da za ta yi asibiti a bayan ɗan kabu-kabu take yin sa, tana riƙe da rigarsa, ramukan hanya suna watsa ta sama da ƙasa. Ranar sunan ɗiyata kuwa a bayan a-kori-kura ta iso Tambuwal, tsakanin buhunan gero da wani rago. Ina tsaye a ƙofar gida cikin sabuwar shadda aka kama ta aka sauko da ita, tana kakkaɓe ƙaiƙayi daga mayafinta, a daidai lokacin da surukata ta fito daga motar ɗanta tana ƙamshi. Inna ta gaishe ta ta shige gida. Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Da muka keɓe na ce mata, "Inna, in Allah ya yarda sai kin zauna gidan gaba a motar ɗanki."

Ta ce, "Allah shi nufa," sannan ta ce a ba ta ruwa.

Daga ranar na shiga uku. Albashin malamin makaranta bai san hanyar sabuwar mota ba, 'yar Kwatano ma sai dai in gaishe ta daga nesa. Abin da ya rage mini 'yar gida ce, kuma a cikin 'yan gidan ma wadda ta gama zagaya hannuwa ta gaji. Haka na faɗa hannun Ɗanjuma, wani dillali da ke zama a bakin tasha, wanda zai iya sayar maka da jaki yana rantsuwa cewa doki ne da bai ƙoshi ba. Wata rana ya tare ni ya ce ya samo mini abin da nake nema a Kebbe, mai ita ya rasu, magada suna son rabuwa da ita. Ya goya ni a babur muka tafi.

A bayan wani gida muka same ta, ƙarƙashin dogon yaro, irin doguwar motar nan ce mai ƙofa a baya. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, fentinta ya koma kalar toka, wata kaza kuma ta yi ƙwai a inda ake taka birki. Da na leƙa ciki na ga babu kujerar baya sam, sai wani dogon katako da aka shimfiɗa tun daga bayan direba har ƙofar baya. Akwai kuma wani tsohon ƙamshi da ya kama jikinta, na turare da kafur.

Na ce, "Kaya take ɗauka?"

Ɗanjuma ya ce, "Kaya masu daraja, Malam. Wagga mota ta san ƙauyukkan ga dut, babu lungun da ba ta shiga ba. Dut wanda tad ɗauka sai ta kai shi har ƙofar gida. Kuma wallahi tun da anka saye ta, babu fasinjan da yat taɓa kuka da ita."

Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne, mutumin nan bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba.

Ina zagaya ta ina ɗan yatsine fuska, irin na mai son a rage masa, sai na kai ga gilashin baya. Na sa hannu na share ƙura, sai ga rubutu da farin fenti, ya koɗe amma yana karantuwa: RAKIYA. Ni ba na kiran sunan Inna da bakina, amma ga shi a rubuce a jikin motar da na zo saye dominta. Na ce a raina wannan ba haɗuwa ba ce kawai, ishara ce daga Allah. Wataƙila sunan matar marigayin ne ko ɗiyarsa, amma ni dai an rubuta ne don ni. Daga nan ciniki ya mutu. Abin da na fara tayawa shi magada suka karɓa, ko "albarka" ɗaya ba a ce mini ba, har ɗayansu ya shiga gida ya mirgino mini wata tsohuwar taya kyauta. Ni kuwa ina ta jin kaina gwanin ciniki.

Wani dattijo da ke zaune a bakin zaure ya daɗe yana kallona. Da zan wuce ya ce, "Yaro, kai za ka ci gaba da aikin?"

Na ɗauka aikin gyara yake nufi. Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah shi ba ka lada. Ba kowa ka iyawa ba."

Na ce amin, har da shafa fuska.

Da igiya aka jawo ta zuwa Tambuwal, ina riƙe da sitiyari. Duk ƙauyen da muka ratsa sai in ga mutane sun dakata da abin da suke yi, wasu sun miƙe tsaye, wasu sun ɗaga tafin hannu. Ni kuma ina ɗaga musu nawa hannun ina murmushi, ina cewa mutanen karkara dai akwai karamci.

Sai gareji. Isiya bakanike baƙo ne a garin, bai san tarihin kowa ba, kuma ko ya sani ba na jin zai bari tarihi ya shiga tsakaninsa da abincinsa. Ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya shinshina, ya ce inji lafiya lau, ring kawai za a sa. Aka sa ring. Da ta tashi sai lagireto ya fara zubar da ruwa. Aka toshe lagireto sai kafireto ya ce shi ma ga shi. Daga nan kuloci, daga nan birki, daga nan aka gano ɓeraye sun cinye wayoyin ciki, sai da mai wayarin ya kwana biyu yana tsaki a ƙarƙashin sitiyari. Motar da ta shiga gareji ana shuka, har aka yanke gero tana nan a kan duwatsu. Babur ɗina ya tafi a cikin hidimar, na koma zuwa makaranta a ƙafa. Duk yamma idan na dawo gida da baƙin mai a hannun riga, matata Hadiza za ta tarye ni da ruwa ta ce, "Sannu da zuwa. Ya mai jiki?" (Da farko ina dariya. Daga baya na daina, ita kuma ba ta daina ba.)

Akwai ranar da muka fita gwaji ta mutu a daidai ƙofar makarantarmu, ana tashi. Ɗalibaina suka tura ni har gareji suna "Allah ya ƙara lafiya, Malam." A lokacin na ɗauka wannan ita ce iyakar kunyar da motar za ta ba ni.

A hankali dai ta fara zama mota. Na je Sakkwato na samo kujerar baya a wurin masu tsofaffin kayan gyara, ta wata mota daban, sai da mai walda ya yanke mata ƙafafu kafin ta zauna. Katakon nan Hadiza ta yi girki da shi. Mai fenti ya fesa mata shuɗi mai duhu, ya liƙa wa gilasai baƙar leda don ta yi kwarjini. Abu biyu ne kawai suka gagara: gilashin direba ba ya sauka, ƙofar direba kuma daga waje kaɗai take buɗewa. Isiya ya ce ƙaramin aiki ne, in dawo wani mako.

Abu ɗaya ne a jikin motar nan da ya yi aiki tun ranar farko ba tare da an taɓa shi ba, shi ne oda (hon, in ji 'yan birni). Wata irin murya gare ta, ta fara da kauri kamar kukan sa, ta ƙare da siririyar ƙara mai rawa. Isiya ya ce, "Malam, a canza odar nan, muryarta ba daɗi." Na ce ko kusa. Abin da bai ci mini kuɗin gyara ba a duk motar ke nan, kuma duk garin babu mai irinta. Da mai fenti ya tambaye ni ko a kankare tsohon rubutun baya, na ce ya sake zana shi da ruwan gwal, manya-manya, ya kuma ƙara kalma ɗaya a gaba. Haka gilashin ya koma INNA RAKIYA. Na tsaya daga nesa na kalle shi har idona ya yi ƙwalla.

Duk wannan hidima ban gaya wa kowa a ƙauye ba. So nake in yi musu ba-zata. Mutum ɗaya da na kusa gaya wa shi ne wana, Yaya Bello, wanda ke noma gonar gidanmu, amma a makon yana kwance a asibiti a Sakkwato, an yi masa aikin ƙaba. Na je duba shi a motar haya, na same shi zaune yana shan kunu yana faɗa da mai jinya. Magana ta zo bakina na haɗiye. Ƙauyenmu kuwa sai an hau tudu ake samun sabis na waya, don haka tun ranar da aka shiga da shi ɗakin aiki Inna ba ta ji komai ba. Na ce shi ke nan, albishir biyu zan kai mata rana ɗaya: Yaya ya tashi, ga kuma mota.

Hadiza ta ce, "Ka dai nemi wani ka faɗa musu kana tafe."

Na ce, "Ke ba ki san daɗin abu ba."

Ta ci gaba da haɗa mini tsaraba. Na saya wa Inna sabuwar ledar ɗaki, doguwa, a naɗe. Hadiza ta ce ƙurar hanya za ta ɓata ta, ta ɗauko wani farin zanin gado ta nannaɗe ta da shi, ta ɗaure sama da ƙasa. Muka kwantar da kujerar baya muka miƙe ta a tsawon motar.

Ranar Juma'a na sa shadda mai sitaci, na kafa hula, na sa baƙin tabarau, na yi wanka da turare. Na yi sallah a hanya, na auna yadda zan iso lokacin da maza suka dawo daga masallaci suna zaune a ƙofar gidaje, don kada wani ya ce labari aka ba shi. Motar kuwa ranar ko tari ba ta yi ba. Tana ta bin hanya kamar ta san inda za ta.

A bakin garinmu akwai wata tsamiya inda hanya ta ɗan gangara. Da na iso wurin na rage gudu sosai, don mota ba ta kyau a ido idan tana sauri. Na kunna fitilu da rana tsaka. Sannan na ɗora hannu a kan oda na danna, dogo, na saki, na sake dannawa.

Na sa ran yara za su biyo ni da gudu suna ihu. Sai na ga yaran sun watse sun shige gidaje. Wata mata da ke dawowa daga rijiya ta sauke tulunta a tsakiyar hanya ta dafa kai. Mazan da ke zaune a gindin bango suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗe riguna, suka biyo bayan motar a ƙafa, babu mai magana. Ta madubi na ga ayarin yana ƙaruwa. Na ce a raina, ka ga tarba irin ta manya. Na yi ta ɗaga musu hannu, na manta cewa gilashin baƙi ne kuma ba ya sauka, babu mai ganin ko wane ne a ciki. Don in ƙara musu armashi na sake danna oda.

Ban kai ƙofar gidanmu ba na fara jin kuka. Ba kukan mutum ɗaya ba, kukan gida guda, irin wanda ke tashi lokaci ɗaya ya haura katanga. Na tsaya, na kashe mota, na ja hannun ƙofa. Ta ƙi. Na tuna sai daga waje. Na zauna ina jiran wani ya buɗe mini, amma babu wanda ya zo wajen direba. Duk bayan motar suka nufa. Na ji wani yana karanta rubutun a hankali, harafi-harafi, sannan ya ce, "Inna lillahi. Har gidan da za a kai an rubuta."

Baffa Sani, ƙanen mahaifina, shi ya ɗaga ƙofar baya. Na waiwaya na gan shi, idanunsa ja, a bayansa wasu samari riƙe da makara da suka ɗauko daga masallaci. Ya ce bismillah, ya sa hannu biyu a ƙarƙashin farin zanin nan, wasu suka kama ɗaya gefen.

Na ce, "Baffa! Ni ne! A buɗe mini!"

Salati ya rufe muryata. Sai na koma dukan gilashi da tafin hannu. A lokacin ne na ga Inna. Ta fito daga zaure da gudu, ba takalmi, ba mayafi, matar da tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta a ƙofar gida da kai a buɗe ba. Da waɗancan gwiwoyin ta yi gudu. Ba ta kai ga motar ba ƙafafun suka ƙi, ta zube a ƙasa tana kiran "Bello, Bello." A cikin gida kuma aka ce Asabe, matar Yaya, ta faɗi ana yayyafa mata ruwa.

Daga ƙarshe wani ya ji bugun gilashin ya ja ƙofar. Na fito. Shadda tana ƙara, tabarau a fuska, makulli rataye a yatsa, don irin fitowar da na yi ta gwadawa ke nan a gaban madubi tun daren jiya kuma hannuna bai san an fasa ba. Har sallama na yi.

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai kaz zo da shi? Yaushe yac cika?"

Na ce, "Wa?"

"Bello."

"Yaya yana nan lafiya, Baffa. Shekaranjiya na bar shi yana shan kunu."

Ya dubi abin da ke hannunsa, wanda ina jin tun da ya ɗaga ya ji nauyin bai yi masa daidai ba. Ya ce, "To wa anka naɗe nan ciki?"

Na ce, "Leda ce."

Baffa ya dube ni, ya dubi farin zanin.

Na ƙara da cewa, "Ledar ɗakin Inna." Kamar wannan bayanin zai gyara wani abu.

Mutane sama da abin da zan iya ƙirgawa suna tsaye, wasu hawaye bai bushe a fuskarsu ba, har an riga an tura masu diga da shebur maƙabarta, sai da aka bi su da gudu aka dawo da su. Baffa ya ajiye ledar a ƙasa a hankali, da irin ladabin da ya ɗauke ta. Ya ce, "Ina kas samu motag ga?"

Na ce, "Saye na yi. Tawa ce."

"Ka san ta?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Wagga ita ta Rakiya."

Da ya faɗi kalmar, kunnena ya ji abin da idona bai gani ba. Ba sunan mace ya kira ba. Rakiya ya ce, irin wadda ake yi wa mai tafiya, irin wadda ake yi wa mamaci. Ni da nake tsayawa a gaban allo ina nuna wa yara bambancin gari na zama da gari na tuwo, ina cewa rubutu ɗaya ne amma murya ta raba su, ni ne na karanta kalma ɗaya tak a jikin gilashi na karanta ta a karkace, na kuma biya aka zana ta da ruwan gwal.

Baffa ya ci gaba, ba da faɗa ba, wanda da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shekara da shekaru duk wanda ya rasu a asibitin Sakkwato ko na Tambuwal daga ƙauyukan nan, wannan motar ke kawo shi. Mai ita, Allah ya ji ƙansa, yana da ɗabi'a: idan ya iso tsamiya sai ya rage gudu, ya kunna fitilu, ya danna oda dogo, don gidan da abin ya shafa su shirya kafin ya iso. Ya ce, "Ka canza mata fenti, amma muryag ga ko cikin barci munka ji ta mun san ta. Ga Bello kwance asibiti. Mi kaka so mu ɗauka?"

Na cire tabarau. Ban san inda zan sa shi ba, na riƙe shi a hannu.

Na durƙusa gaban Inna na ciro waya na nuna mata hoton Yaya a zaune a kan gado da kofin kunu. Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta tambaye ni yana da rai, na ce yana da rai. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Wata maƙwabciya ta kawo mayafi ta rufa mata. Aka kama ta ta miƙe.

Da mai hankali ne, a nan zai tsaya. Amma ni na yi wata da watanni ina shirya jimla ɗaya, kuma ta ƙi komawa ciki. Na zagaya na buɗe ƙofar gidan gaba, wadda na sa aka yi wa sabuwar riga mai laushi, na ce, "Inna, motarki ce. Dominki na saya. Ki shiga ki sa mata albarka."

Ta dubi kujerar ta daɗe. Sannan ta ce, "Na san wurin ga. Nan niz zamna, tun daga Sakkwato hab bakin zauren ga. Babanka na baya."

Babu wanda ya taɓa gaya mini. Ni ma ban taɓa tambayar yadda aka kawo shi ba.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah shi sa ka kashe lafiya, ɗana. Na san don ni kay yi. Amma ɗebe sunana ga jikinta. Ranad da lokaci yay yi, in ita anka samu, ta ɗauke ni. Ba da ƙafata ba."

Ta juya ta shiga gida tana dafa bango.

Babu wanda ya yi dariya ranar. Dariyar daga baya ta zo, kuma da ta zo ba ta tafi ba. Kafin Yaya ya dawo daga asibiti labari ya riga shi isa kasuwar Kebbe, an ƙara masa gishiri, har da masu cewa an yi wa ledar sallah. Yaya kansa da ya ji ya yi dariya har ɗinkin cikinsa ya yi masa zafi, ya ce aƙalla ya san yawan waɗanda za su zo jana'izarsa. Asabe kuwa ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki, kuma ban ga laifinta ba.

Na koma Tambuwal na sa aka kankare rubutun, aka cire odar aka sa wata mai siririyar murya irin ta kowa. Na nemi Ɗanjuma, ya rantse da Allah cewa ya ɗauka na sani, tun da ni ɗan ƙasar ne. Na ce ya sayar mini da ita. Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, nan kusa dai da wuya. Sai an samu baƙo." Wato wani irina. Ba a jima ba kuma aka fara yi mini sallama da sassafe, mutanen da ban sani ba, idanu jajaye, suna cewa an ce musu ni na gaji aikin. Na farko na kore shi da faɗa. Na biyu tsoho ne da ya rasa jikarsa kuma babu direban da ya yarda ya ɗauke su. Ba zan ce muku ga abin da na yi ba, amma kujerar bayan nan da mai walda ya sha wahala a kanta tana kwanciya da sauƙi.

Da lokacin komawar Inna asibiti ya zo, na tafi ƙauye tun da hantsi, ina tunanin ko zuciyarta ta sauko, tun da babu suna, babu oda. Na same ta ta shirya, ta kuma riga ta aika an kira ɗan kabu-kabun da ya saba kai ta. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi Hadiza da yara, ta ce ledar ta yi wa ɗakinta kyau. Sannan aka kama ta ta hau bayan babur, ta riƙe rigar mutumin.

Haka muka yi tafiyar. Ita a gaba, ramuka suna watsa ta sama da ƙasa, ni a baya a hankali cikin doguwar mota, kujerar gidan gaba babu kowa sai jakar maganinta da ta yarda in riƙe mata. Duk wanda muka wuce a hanya sai ya bi ta da kallo, ya bi ni da kallo, ya kawar da kai.

Don haka duk mai niyyar sayen tsohuwar mota, ga shawarata kyauta, don ni da tsada na same ta. Ka duba inji, ka duba giya, ka leƙa ƙarƙashi, duk wannan bakanike zai iya yi maka. Amma kafin ka miƙa hannu, ka nemi tsoho a garinku ka tambaye shi wa da wa ta ɗauka. Kuma idan ka ga an sallama maka ba a ce albarka ba, har ana yi maka addu'ar samun lada, ka tsaya ka tambayi ladar mene ne.

Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Duk wata ina raka ta asibiti, ita a babur, ni a bayanta. Sunan da na biya aka kankare, ashe shi ne aikin motar tun farko.